Igiya a Hannun Lariba

Mudassira ta zo Salaga daga Bawku, bayan an rufe makarantar da take koyarwa saboda harbe-harben unguwarsu. Wata ƙaramar ƙungiya mai ofis a Yendi ta ɗauke ta don ta koya wa 'yan firamare yadda ake ba kwamfuta umarni, amma da wasa, domin makarantar ba ta da kwamfuta. Seidu, mai kula da malaman ƙungiyar, bai ɓoye mata komai ba. Ajin zai ɗore muddin iyaye na turo yara. Idan suka daina, gurbin da ya rage shi ne na Bawku, wanda kowa ya ƙi.

Aikin ya karɓe ta. Takan zana gidaje irin na dara da toka a farfajiya, yaro ɗaya ya zama inji, ɗaya mai umarni. Inji ba ya tunani, ba ya gardama. Gaba, dama, hagu, maimaita. Idan mai umarni ya manta da juyawa, inji ya miƙe har ya yi karo da bishiyar mangwaro, yara su yi ta dariya, sannan a zauna a nemo inda kuskuren ya shiga.

Wata Talata ta so ta nuna musu cewa umarni na iya bin waya ba tare da magana ba. Ta kawo igiyar shanya. Ja ɗaya yana nufin gaba, ja biyu dama. Ta ɗaura bakin igiyar a wuyan hannun Lariba, yarinyar da ta fi kowa kiyaye doka, ta miƙa ɗaya bakin ga Wadud, don shi ya fara ɗaga hannu.

Akwai abin da manyan Salaga suka sani ba sa faɗa a fili, kuma ba wanda ya gaya wa baƙuwa. A garin da aka taɓa cin kasuwar bayi, har yau an san gidan da ya saya da gidan da aka kawo a ɗaure. Wadud ɗan gida na farko ne. Lariba 'yar na biyu.

Wadud ya ja igiyar, ya ce, “Taho, baiwar gidanmu.” A gida ya ji kalmar, ya ɗauka wasa ce. Yara suka yi dariya, har da Lariba.

Kakar yarinyar, Fuseina, tana sayar da koko da ƙosai a bakin ƙofar makarantar. Ta ajiye ludayi, ta shigo, ta kwance igiyar a hankali, ta kama hannun jikarta suka fita. Ba ta dubi kowa ba.

Bayan la'asar Mudassira ta je gidan tsohuwar. Ta durƙusa, ta gaisa, ta ba da haƙuri. Ta bayyana cewa igiyar waya ce, kuma a wasan ana musanya, da an ɗan jira da Wadud ne zai zama inji, Lariba ta riƙe shi.

“Kin ɗaura masa, Madam?”

“Lokacinsa bai yi ba, Kaka.”

“To je ki ɗaura masa,” in ji tsohuwar. “Ina nan bakin ƙofa da kokona, zan kalla.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta san malamar ba ta nufi sharri ba, amma matan unguwa sun riga sun ji, kuma Lariba za ta girma ta yi aure a garin nan. Da Mudassira za ta fita, yarinyar ta biyo ta zaure, ta ce a hankali Wadud ne ya yi kuskure, ya ja sau biyu inda ya kamata ya ja ɗaya. Aka kira ta daga ciki.

Bayanin musanyar ya isa gidan su Wadud kafin gari ya waye. Mahaifinsa ya aiko cewa ba a haifi malamar da za ta sa wa ɗansa igiya ba, kuma yaron ya gama da ajin. Sauran iyaye suka ga turo yaro ya zama nuna ɓangare, suka riƙe nasu. Mudassira ta bi gidaje, ta yi alkawarin ba igiya kuma. An karɓe ta da mutunci ko'ina, an ba ta ruwa. Ranar ajin ta zana gidajen toka, ta zauna har awaki suka ratsa su.

Seidu ya saurare ta a ofishin Yendi. Ya ce shi ma bai taɓa tunanin haka ba, ya ce darasin mai kyau ne, a Bawku ba wanda zai damu da igiya. Ya tambaya ko mahaifiyarta na can har yanzu. Ta ce tana can.

Ta shiga motar arewa da safe. Direba ya ce ba tsayawa cin abinci a hanya, dole a shiga Bawku kafin dokar hana fita ta fara. Da suka kusa garin ya kashe rediyo, fasinjoji suka daina hira. Mudassira ta ciro katin shaidarta ta riƙe a hannu, tana jiran shingen sojoji.