Nowel a Gidan Madam Loren

Kulu ta jawo kaskon gawayi kusa da ƙafafunta, ta sake danna lambar Ramatu. Sanyin asubar Disamba ya hana kowa fita a unguwar Birni, amma ita ta riga ta yanke shawara: yau za ta ce wa 'yarta ta tattaro kayanta ta dawo Damagaram, karatun likitan ya sha zamansa. Tun da yarinyar ta tafi Ostareliya da bursi, wato tallafin karatu na gwamnati, ba ta kira ba tare da ta yi kukan kaɗaici ba. Ga shi yau Nowel, sallar Kiristoci, kowa zai rufe ƙofa da danginsa ya bar ta cikin ƙanƙara.

Da hoto ya buɗe, sai ga Ramatu tana gumi, da wata hular takarda ja bisa ɗankwalinta.

"Ke! Ina trikon sanyin da na aika miki?"

"Inna, nan bazara ake! Zafin ya fi na Afrilu."

Ramatu ta juya wayar. Tsakar gida ne cike da mutane, ƙafa ba takalmi, kowa da irin hular nan ta shirme. Tebur ya sha mangwaro da jatan lande a kan ƙanƙara. Wani tsoho da gemun auduga da gajeren wando yana gasa kifi, yara na fesa masa ruwa. Kulu ta so ta tsuke fuska, dariya ta ƙwace mata.

"Gidan wa ke nan?"

"Maƙwabciyata, Madam Loren. Kowace shekara takan tara duk wanda ba shi da kowa a garin. Nowel ɗin marayu suke ce masa."

"Marayu? Ina raye?"

"Suna ne kawai, Inna. Sai da ta tambaye ni abin da ba na ci, ta sayo sabon ƙarfen gashi domina. Da azahar ta yi, ɗakin ɗanta ta buɗe min na yi salla."

Wata dattijuwa mai jajayen kumatu ta leƙo, ta dafa kafaɗar Ramatu, ta yi magana da Turancinsu mai sauri. Ramatu ta fassara.

"Ta ce ɗanta yana Kanada, bana ma bai zo ba. Wai tana fatan can ma wata uwar ta ba shi abinci."

Kulu ta daɗe tana kallon hannun nan mai tamoji a kafaɗar 'yarta. Wallahi matar ta burge ta, har ta ji ɗan kishi.

"Inna, jiya kin ce akwai magana."

Kulu ta gyara mayafi, ta share ido da gefensa.

"Maganar ke nan: ki gaishe ta da kyau. Ki ce mata Kulu ta Birni ta bar mata amana, sai kin gama."