Foldar Elizabet

Ofishin ƙungiyar manoman gyaɗa da ke wani ƙauye kusa da Makoɗa kwamfuta biyar gare shi, sai wata babba a ɗakin ajiya da suke kira saba. Khaulat ce ke kula da su. Kowane ma'aikaci kan zauna a kan wadda ya samu, ya sa sunansa da lambar sirri, saba ta turo masa kayan aikinsa.

Ran Litinin da safe Elizabet, ɗaya daga cikin ma'aikatan, ta sa nata, allo ya buɗe wayam. Wata huɗu ta yi tana bin gonaki a kan babur, tana rubuta sunan kowane manomi da girman gonarsa saboda rabon iri. Babu ko fayil ɗaya.

"Ke kika danna abin da bai kamata ba," in ji manaja Malam Badaru. Ya juya ga Khaulat. "Goge sunanta ki buɗe mata sabo. Ta sake bin gonakin."

"Ba zan goge ba, Malam."

"Me kika ce?"

"Sai na san abin da ya faru tukuna."

Khaulat ta ja kujera. Ta sa Elizabet ta gwada wata kwamfutar, haka ta buɗe babu komai. Khaulat ta sa nata sunan, kayanta suka zo lafiya lau. Ke nan ba wayar da ta haɗa kwamfutocin ba ce, ba kuma kwamfutar ba. Ta shiga ɗakin ajiya, Malam Badaru na biye da ita yana faɗin ranar Alhamis za a raba iri, shi ba shi da lokacin wasan yara.

Foldar Elizabet tana nan a saba, cike fal. Sai dai da Khaulat ta duba sunan mai foldar, ta ga Kamaruddeen, ƙanin matar manaja, wanda ya haɗa musu kwamfutocin tun farko ya koma Kano da lambar admin, babbar lambar sirrin da ke buɗe komai, a hannunsa. Ranar Asabar ya mayar da foldar sunansa don ya iya buɗewa, izinin Elizabet ya goge. Shi ya sa saba ta hana ta kayanta.

"Malam, wa ya buɗe wa Kamaruddeen ofis ran Asabar?"

Malam Badaru ya gyara zaman hularsa. "Jerin sunayen na ce ya fitar min. Ba ni ne manaja ba?"

"Kai ne. Da ka tambayi Elizabet, ai za ta ba ka. Amma ka san an taɓa, ka tsaya gaban mutane ka ɗora mata."

"Khaulat, ki iya bakinki."

"Gaskiya na faɗa, Malam. Ko gaban kwamitin ƙungiya haka zan faɗa."

Ta mayar wa Elizabet foldarta da cikakken izini, ta ce ta fita ta sake shiga. Kwamfutar ta ɗan yi nauyi, sannan fayiloli suka jeru. Elizabet ta dafe ƙirji tana godiya ga Allah.

Khaulat ba ta tashi ba sai da ta rufe sunan Kamaruddeen ta canja lambar admin. Malam Badaru ya miƙo hannu a ba shi sabuwar. Ta rubuta a takarda, ta liƙe a ambulan, ta ce shugaban kwamiti za ta kai wa. Sati biyu Malam Badaru ya yi ba ya amsa gaisuwarta. Ita kuwa kullum sai ta gaishe shi, da ƙarfi.