Ƙafar Dokin Gidanmu

Mama ce ta ce in bi Kaka, mahaifinta. Ta faɗa mini haka ne a kicin tana naɗe mana burodi da cuku, ta rage murya saboda Kaka yana waje yana buga wa tayar kekensa iska. A watan jiya ya fita sayen jarida, aka tsince shi a bakin tashar jirgin ƙasa bai san abin da ya kai shi ba. Shi ya ce tunani ne ya ɗauke shi. Mama ba ta yi masa musu ba, amma ni ta ce mini idan irin wannan ya same shi yana kan keke, to ya gama hawa ke nan. Za ta sa wa keken kwaɗo, ta kai shi wurin likita ko yana so ko ba ya so.

"Ki sa ido, Tamsin. Abin da kika gani shi za ki faɗa mini."

Na ce to. Tun da matarsa, kakata Joyce, ta rasu ya dawo gidanmu, Kaka ba shi da wani abu da ya rage nasa shi kaɗai sai wannan koren keken, wanda ya girmi Mama. Kullum da safe zai hau ya fita, ya dawo fuskarsa ta yi ja, yana ba mu labarin wanda ya sayar da tumakinsa da wanda ya gyara shinge.

Ranar gyaran farin doki ce a Winterslade, ƙauyen da aka haife shi, wato ƙaton hoton doki da mutanen da suka yanka a jikin tudu, ake cike shi da farin alli. Kowace shekara a keke yake zuwa, ta tsohuwar hanyar kan tudu. Aka shirya Mama za ta zo da yamma da mota ta ɗauko mu.

Da ya ga na turo kekena na ɗaure hular kwano har wuya, sai ya yi dariya ya ce an haɗa shi da ɗan sanda mai gilashi. Ya tambaye ni ko na ɗauko littafi don in karanta yadda ake hawa tudu. Na ɗauko kuwa, yana cikin jaka, amma ban nuna ba.

Hawan farko ya kusa kashe ni. Da muka kai sama hanya ta miƙe fara fat tsakanin ciyawa, tumaki ko'ina, iska tana kaɗa alkama can ƙasa. Kaka yana gaba, bayansa a miƙe, ba ya ko haki. Muka ratsa ta tsohuwar ganuwar ƙasa, ya nuna mini inda suke gangarawa a kan buhu suna yara. Duk ƙofar gona da muka iso ya san yadda ake buɗe ta, wadda ake ɗagawa da wadda ake tokara da gwiwa. Na fara cewa a raina Mama ta cika tsoro.

Muka tsaya cin abinci a dogon kabarin mutanen da, wanda aka toshe bakinsa da manyan duwatsu. Na fara gaya masa abin da na karanta game da ƙasusuwan da aka tono a ciki. Ya ce shi abin da ya sani a ciki ya sha tabarsa ta farko, ya yi amai a kan takalmin abokinsa. Ya buɗe burodinsa ya leƙa ciki.

"Hilary, uwarki ta sake manta albasa. In mun koma ki gaya mata."

Hilary sunan Mama ne. Na riƙe kofin shayi ban san inda zan ajiye shi ba. Na ce, "Kaka, ni ce, Tamsin."

Ya dube ni, ya daɗe yana duba. Sannan ya ce ai ya sani, yo wa ya ce ba ni ba ce, mu duka hancinmu ɗaya. Ya ci gaba da cin burodinsa. Wayata tana aljihu, na taɓa ta, na cire hannu. Ai kowa yana rikita suna, malamarmu ma tana yi.

Aka yi yayyafi bayan mun tashi. Ƙasar hanyar duk alli ce, alli kuwa in ya jiƙe sabulu ne. Kafin gangaren ƙarshe ya tsaya ya ce kada in taɓa birkin gaba, in bi ciyawar tsakiya, in bar keken ya nemi hanyarsa. Ya sauka kamar a kan kwalta. Ni na ga kwana na tsorata na damƙe birki duka biyu, sai ga ni a ƙasa, gefena ɗaya ya yi fari daga kafaɗa har idon sawu. Ya dawo ya ɗaga ni, ya miƙar mini da kan keken tsakanin gwiwoyinsa, ya ce in ɗan sanda ya faɗi wa zai kai rahoto. Na yi dariya, har na ji daɗin faɗuwar. Mutumin da ya sauko wannan gangaren haka, ta yaya za a ce a ƙwace masa keke?

In kana tsaye a jikin tudun ba ka ganin doki, sai fararen layuka masu faɗi da suka bi ta nan suka ɓace ta can. Mutane sun riga sun bazu a kansu da guduma da bokiti, kowane gida a kasonsa. Gidan Tull su ke da wutsiya. Mu gidan Pottow ƙafar gaba ce tamu tun kakannin kakanni. Aikin bai canja ba: a yanke ciyawar da ta hau gefen layi, a zuba sabon alli a daddaka shi ya kwanta. Ba a yanka sabuwar ƙasa ko da faɗin tafin hannu. Yaro ma ya san wannan, kuma Kaka ne yake ja wa mutane kunne a kai duk shekara.

Gwaggo Doreen Tull, wadda suka yi firamare tare da Kaka, ta hango mu daga wutsiya. Ta ɗaga murya ta ce ga masu ƙafa sun iso bayan an gama gudu. Kaka ya ce gara su, wasu tun da aka haife su ƙuda suke kora. Ya ciro wuƙarsa ya durƙusa, ya ce in je in ɗebo alli.

A can saman tudu aka jibge allin, kuma na tarar da layi. Da na sauko bokitin yana dukan ƙafata, sai na ji ƙarar gudumomi tana raguwa, ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya.

Kaka ya wuce kofaton dokin, inda layin ya ƙare. Ya yanka ciyawa ya gangara da ita, yana ɗaga ta falle-falle yana jerawa a gefe da kyau, kuma inda ya buɗe ya fi tsayin mutum biyu. Sabuwar ƙasar ta fi dokin kansa fari. Mutane suna tsaye suna kallo.

Gwaggo Doreen ta taho tana dogara sanda. Ta fara da wasa, ta tambaye shi ko raƙumi yake so ya mayar musu da doki. Bai ɗago ba.

"Baba ya ce in kai ta har gindin ƙayar can. In ya zo ya tarar ban gama ba, ni zan sha."

Babu wata ƙaya a wurin. Na ga wasan ya fita daga fuskarta. Ta jingina sandar a jikina, ta durƙusa kusa da shi da ƙyar, ta ce masa, "Wilfred, babanka ya ce ya isa haka. Ba ni wuƙar ka sha shayi."

Ya ba ta. Maza biyu suka zo suka mayar da ciyawar falle bayan falle, suna tattakawa. Wani ya ce kafin lokacin kaka ciyawar za ta kama, ba wanda zai gane. Gudumomi suka ci gaba. Kaka ya zauna da kofi a hannu yana kallon inda aka mayar, sai na ga ya dawo hayyacinsa, domin kunnuwansa sun yi ja, ya sunkuyar da kai.

Gwaggo Doreen ta ja ni gefe. Ta ce a nan ba wanda zai ɗaga maganar, shekara nawa yana yi wa dokin nan hidima. Abin da za a faɗa wa Hilary kuma na gidanmu ne, ita ba za ta sa baki ba. Na so a ce ta sa.

Ni na daddaka allin ƙafarmu. Kaka ya matso yana nuna mini inda bai kwanta ba. Can ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Ban faɗi ba dai. Ke shaida ce."

Na ce bai faɗi ba.

Da yamma motar Mama ta tsaya a gindin tudu. Kaka ya tsaya gaisawa da mutane, ni na riga shi sauka. Ta ga farin da ke jikina ta tambaya, na ce ni na faɗi, shi ko tangaɗi bai yi ba. Na ga kafaɗunta sun sauka, har ta fara murmushi. Na tuna gangaren nan, na ga shi a kai shi kaɗai wata safiya, yana sauri don kada babansa ya yi faɗa. Sai na faɗa mata duka, da sunan, da albasar, da ƙayar. Ban rage komai ba.

Da ya iso ya dubi fuskarta, ya dubi tawa. Mama ta ce, "Baba, keken zai huta tukuna, sai mun ga likita." Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya ce ta matsa, ba ta iya ɗauri ba, ya ɗora keken a bayan mota da kansa ya ja igiya ya ƙulle. Ya shiga gaba ya rufe ƙofa. Ko sau ɗaya bai kalle ni ba.

Muka kama hanya. Ina baya ina kankare alli daga farcena. Mun kusa shiga gari sai ya juyo, fuskarsa a sake, ya ce gobe in rana ta fito akwai wani kabarin da ya fi na yau girma, zai kai ni in gani, amma sai na yi alkawarin barin birkin gaba.

Na kasa gane ko ya manta an hana shi keken ne, ko so yake in ce wani abu. Mama ta dube ni ta madubi. Shi kuma yana nan a juye, yana jiran amsata.