Ƙarar da Umma Kaɗai Ke Ji

Umma ba ta koyi tuƙi ba sai bayan rasuwar Abbanmu, lokacin furfura ta gama cinye mata kai. Mun yi mata dariya har muka gaji, ita kuwa ko a jikinta. Da ta samu lasisi, Yaya Babba, wanda shi ne uba a gidan yanzu, ya sayo mata 'yar farar mota mai aiki da lantarki, wai don ya raba ta da layin gidan mai. Da ita take zuwa asibiti karɓar maganin hawan jini, da ita take zaga ƙawayenta, ba ta jiran kowa. Tafiyar tata dai sai haƙuri, mai keke ma wuce ta yake yi yana waiwaye.

Ana nan sai ta fara cewa motar tana kuka.

"Wane irin kuka, Umma?" na tambaye ta. Ni ce auta, kuma ni nake zaune da ita.

"Siriri ne, kamar keken ɗinkin da ya kwana biyu bai ga mai ba. Daga ƙarƙashina yake fitowa."

Na karɓi makulli, na ce ta koma gefe, muka zaga unguwa. Shiru kake ji. Yaya ya zo, shi ma ya ce ta koma gefe ta huta, ya fizgi motar har babban titi ya dawo, bai ji komai ba. Haka aka tarbiyyantar da mu, ba ka harɗe hannu tsohuwa tana yi maka aiki, balle ta tuƙa ka. Muka kai motar kamfanin da aka saye ta, tun da garantinta bai ƙare ba. Makanikensu ya zaga da ita, ya jona mata kwamfuta, ya ce lafiyarta ƙalau. Aka sake komawa, aka sake faɗin haka, har da 'yar murmushin nan da ake yi wa tsofaffi.

Wata rana Yaya ya ja ni bakin ƙofa ya rage murya.

"Auta, kin tuna yadda na Kaka ya fara?"

Na tuna mana. Kaka, mahaifiyar Umma, da jin ana buga ƙofa ta fara, alhali babu kowa. Kafin ta rasu ko sunayenmu ba ta sani.

"Ba zan bar ta kan titi tana jin abin da babu shi ba," in ji shi. Ya shiga falo ya zauna kusa da ita, ya yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe dai ya nemi makullin. Na zaci za ta yi faɗa. Wallahi da faɗan ta yi da ya fi min. Hannu kawai ta sa a jaka ta miƙa masa.

Daga ranar Umma ta zama wata iri. Matar da ba ta iya zama wuri ɗaya, sai ga ta a kujera tun safe tana kallon labule. In ta buɗe baki za ta yi magana sai ta fasa. Rannan tukunya ta faɗi a kicin, na ga Umma ta saci kallona tukuna, ta ga ko ni ma na ji. Abin ya ƙona min rai, na ɗauki waya na kira Yaya.

"Ka kyauta," na ce masa. "Ka zo ka ga yadda ka mayar da ita."

"Ke dai bakinki ba ya mutuwa."

"Ba zai mutu ba. A koma kamfanin nan, da kai da ni da ita."

Muka yi ta ja-in-ja har ya yarda, bisa sharaɗin in ba a samu komai ba wannan karon, magana ta ƙare, Umma ta bar tuƙi ke nan.

Ni na tuƙa mu zuwa can. Na bar makullin a cikin motar, ni da Yaya muka shiga ofis muka fito da babban makanikensu, wani dogo mai gilashi a goshi. Muna isowa muka tarar da Umma ta koma kujerar direba, har ta ɗaura bel, ta gyara madubi.

Dogon ya sunkuya ta taga cikin ladabi. "Mama, ko za ki ɗan koma gefe in gwada?"

"Ba zan koma ba," in ji Umma. "Kun gwada, ɗana ya gwada, 'yata ta gwada. Ni nake jin abin, amma har yau ba wanda ya taɓa zama na tuƙa shi. Zagayo ka shigo, ɗan nan."

Yaya ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. Dogon ya sosa ƙeya ya zagaya ya shiga gaba, mu kuma muka shiga baya.

Ta kashe fanka, ta ce kowa ya ajiye waya. Muka fita titi da tafiyar nan tata ta hawainiya, motoci na ta yi mana ham. Tun daga nesa da ta hango mahaɗar hanya ta ɗage ƙafa daga totur, ba ta taɓa birki ba, ta bar motar tana rage gudu da kanta. Sai ga shi. Siririn kuka daga ƙasa, yana tashi yana sauka, da wani ɗan gurji a ƙarshensa.

Dogon ya ɗaga hannu. "Sake yi, Mama."

Ta sake, kukan ya sake fitowa. Na juya na kalli Yaya, ya kasa haɗa ido da ni.

Da muka koma suka ɗaga motar sama, suka tsiyaye man akwatin giya a wani faranti. Dogon ya kawo mana muka leƙa, man yana ta ƙyalƙyali da ɓurɓushin ƙarfe. Ya ce boris ne, zoben ƙarfen da giya ke juyawa a kansa, ya fara cinyewa a ciki, kuma ba ya kuka sai an saki totur a ƙaramin gudu, lokacin da injin ke riƙe tayoyi yana mayar da caji cikin batir. Mu masu gudu da taka birki ba ma ba shi damar yin kukan, kwamfuta kuwa ba ta da kunne. Ya ce za su canja akwatin gaba ɗaya a kan garanti, kuma da an ci gaba da hawa, wata rana sai ya cije a tsakiyar titi.

Yaya, da fararen kayansa, ya durƙusa a gaban Umma a kan simintin garejin nan mai maiƙo.

"Tashi, za ka ɓata kayanka," ta ce. "Na san tsoro ne ya sa ka."

Suka ba mu motar aro kafin a gama gyara. Da wata ma'aikaciyarsu ta miƙo makullin wajen Yaya, sai ya mayar da hannunsa baya ya nuna mata Umma. Shi daga nan ya wuce wurin aikinsa.

Ba mu yi nisa ba Umma ta gangara gefen titi ta tsaya.

"Auta," ta ce, ba ta kalle ni ba, "ni ma fa na fara yarda da maganar yayanki. Da na shiga kujerar nan ɗazu, ban san ko za ku ji ba. Na ce a raina in ba ku ji ba, to shi ke nan, ni ce."

"Amma kika shiga."

"Na shiga. Gara in sani a gaban kowa."

Ban taɓa alfahari da wani mahaluki kamar yadda na yi da matar nan a lokacin ba, kuma na faɗa mata haka, ina share hanci da bakin mayafi. Ta ce in daina shirme in duba mata ko akwai mota a baya. Na duba na ce babu. Ta duba da kanta, ta kunna sigina, ta hau titi.