Gwaibar da Baba Yake Yi wa Aski

Mahaifinmu mai aski ne, irin wanda ko gaisawa yake da mutum idonsa na kan ƙeyarsa. Gashi ɗaya ya fita daga layi, to Baba ba shi da sukuni sai ya ga bayansa. Shagonsa manne yake da gidanmu, ƙofa ɗaya ce tsakani, kuma ta wannan ƙofar matsala ta shigo mana tsakar gida.

Mama tana da gwaiba ɗaya kusa da famfo. Da kakarmu ta wajen uwa ta rasu aka sayar da gidanta, wanda ya saya ya sare bishiyar da ke ciki ya malala siminti. Kafin a sare, Mama ta yanko reshe ta kafa a tsohon bokitin fenti, ta yi ta lallaɓa shi har ya kama, sannan ta dasa. Burinta bai wuce ta sake cin gwaibar gidansu ba, mai jan ciki, wadda ta ce ƙamshinta har ɗaki yake bin mutum.

Shekara biyar ko fure ɗaya gwaibar nan ba ta yi ba. Kyau kuwa ba a magana. Duk Litinin, da yake ranar ba a cika samun masu aski ba, Baba zai fito da tsohon almakashinsa ya zagaye ta, ya datse duk sabon tsiron da ya leƙo, ya ja da baya ya karkata kai, ya dawo ya gyara gefe. Baƙi na yabawa, Baba na washe baki. Mama kuwa ta zuba taki, ta zuba toka, ta zuba ɓawon ƙwai, duk a banza. Ba wanda ya taɓa zargin askin, har ni da nake ganin na fi kowa wayo a gidan.

Sai ga yayanmu da maganar tankin ruwa.

"Mama, nan ne kawai tanki zai zauna," in ji shi. "Shekara nawa muna shayar da ado?"

"Ka bar min ita zuwa ƙarshen damina," ta ce. "In ba ta yi ba, ni zan miƙo maka gatarin."

Da dariya ta faɗa, amma na gan ta daga baya tana shafa ganyen ɗaya bayan ɗaya, sai tausayinta ya kama ni.

Bayan sati biyu santsi ya kwashe Baba a shago, ya karye a hannun dama. Aka ɗaure hannun, likita ya ce wata biyu ba shi ba almakashi. Ciwon bai dame shi kamar gwaibar ba. Yana zaune a benci yana kallo ta yi buzu-buzu, rassa sun miƙe kowanne ya kama gabansa.

"'Yar nan, zo ki ɗan rage mata gefen nan kawai," ya ce da ni.

"Baba, ni ko farcena ban iya yankewa daidai ba."

Ya gwada da hagu, almakashin ya ƙi ba shi haɗin kai. Ya koma benci yana tsaki.

Ranar da aka kwance masa hannu, ko zama bai yi ba ya ɗauko almakashi ya nufi gwaibar. Sai muka ga ya tsaya cak. Fararen furanni ne birjik, kowanne da gashi a tsaye kamar burushin da yake shafa wa mutane kumfa da shi, kuma duk a jikin sababbin rassan suke.

Mama ta fito daga kicin tana goge hannu. Ta dubi furannin, ta dubi almakashin, ta daɗe tana dubansa.

"Malam, a ina furannin nan suka fito?"

"A sababbin rassa," ya ce a hankali.

"Waɗanda kake yi wa me duk Litinin?"

"Ai gyaran fuska ne kawai."

"Shekara biyar ina zagin ƙasar gidan nan, ashe da mai laifin nake cin abinci."

Baba ya mayar da almakashin aljihu kamar kayan sata. Ni da Yaya muka shige ɗaki, can muka yi dariyarmu har da riƙe ciki. Tanki dai a bayan kicin ya samu wuri.

Wata huɗu muka yi muna jira. Baba in zai wuce ta wurin sai ya haɗe hannuwansa a baya, ya kau da kai. Da ta farko ta nuna, Mama ta tsinko ta wanke, ta yanka gida huɗu a faranti. Cikin ja wur. Ta ɗauki nata ta shinshina, ta gatsa, ta rufe ido. Hawaye ya gangaro mata.

"Ba ita ba ce?" Baba ya tambaya.

"Ita ce," ta ce. "Ta gidanmu ce sak."

Baba ya sauke ajiyar zuciya ya miƙa hannu zai ɗauki kasonsa. Mama ta riga shi, ta jefa a baki tana dariya da hawayen.

"Kai ka ci naka shekara biyar, Malam. Da almakashi."