Neman Sapot a Birnin Kudu

"Ku matsa ciki! Wallahi akwai wuri, ku matsa!"

Malam Iliyasu ne ke wannan ihun, ƙafarsa ɗaya a kan taya, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen bodi, ɗayan kuma ya dafe aljihun da takardar take. Wuri kam babu shi. Motar Alhaji Salihu ta ɗaukar buhunan gyaɗa ce, amma a safiyar nan ta Laraba mutanen Kafin Sabo ta ɗauka: magidanta arba'in da ɗoriya, tsofaffin mata tara, Ɗan'azumi makaɗi da gangarsa, sai zabi huɗu a cikin kwando, waɗanda ba wanda ya tambaye su ko suna sha'awar ganin Birnin Kudu.

A shekarar ce aka yi shela cewa kowane yaro zai shiga makaranta kyauta, tunda arzikin mai ya samu. Ofishin ilimi ya ce duk ƙauyen da ya gina aji da kansa za a ba shi malami da bencina. Mutanen Kafin Sabo, can gefen Fagam, suka yi gayya suka tayar da aji guda mai faɗi, suka rufa shi da kwano. Iliyasu, malamin yaƙi da jahilci, shi kaɗai ne mai karanta Turanci a garin, don haka shi ya rubuta sunayen yara. Sunan 'yarsa Zahara'u ne na farko, kuma bai ji kunyar hakan ba ko kaɗan.

Mai duba gine-gine ya zo ne ran kasuwar Gwaram, lokacin da garin ba kowa sai awaki. Ya leƙa, ya ɗaga kai, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Bayan kwana biyu takarda ta iso. Layi uku ne kacal, da Turanci. Ta ce ba za a amince da ajin ba sai an sami isasshen support, kuma zai dawo ran Juma'a. In bai gamsu ba, malami da bencina za su wuce wani ƙauye a ƙetaren rafi. Ba uban da zai bar 'yar shekara shida ta ƙetare rafin nan da damina.

Da Iliyasu ya kai kan kalmar sai ya yi tsalle. Sapot! Ai wannan ya san ta kamar yadda ya san sunan mahaifinsa. Zamanin jam'iyyu, kafin soja su karɓa, ba shi ne ke yi wa 'yan takara tafinta a ƙarƙashin tsamiya ba? Kowa ya zo sapot yake nema.

"Goyon baya ke nan," ya gaya wa jama'a a ƙofar masallaci. "Gwamnati so take ta ga ko da gaske muke. Mutumin ya zo bai tarar da kowa ba, ya ɗauka ba ma so. To, mu je mu cika masa ofis!"

Aka yi kabbara. Mutum ɗaya ne bai yi ba, Barau magini, tsohon da ya ja ginin tun daga tushe. Tsakaninsa da Iliyasu akwai 'yar tsama. Lokacin rufi Barau ya ce ɗakin ya yi wa azara faɗi, dole a kafa ginshiƙi biyu a tsakiya. Iliyasu ya ce haba Baba, ka taɓa ganin aji a birni da itace a tsaye a tsakiyarsa kamar turken doki? Zai kare wa yara allo. Jama'a suka bi mai boko. Barau ya haɗa azarorin a tsakiya kamar yadda aka so.

Yanzu ma yana zaune a rumfarsa ta ƙofar gida, inda yake wuni, yana kallon lodin.

"Baba Barau, ba za ka zo ba?" Iliyasu ya ƙwala masa kira. "Tarihi za a yi yau!"

"Ku je ku yi," in ji Barau. "Ni ban iya Turanci ba. Wa zai zauna da ginin?"

Aka kwashe da dariya. Gini kuma guduwa zai yi? Direba ya ba mota wuta, ta yi tari sau biyu ta ɗauka.

Kai, tafiyar nan ta yi daɗi! Gero ya yi kai dama da hagu, sama ta yi lumshi ba rana, Ɗan'azumi ya saki ganga ya ƙirƙiro amshi nan take: "Kafin Sabo ta zo da sapot!" Maza na amsawa, tsofaffin mata na guɗa. Duk ramin da motar ta faɗa sai a yi salati gaba ɗaya, a fita, a ci gaba daga inda aka tsaya. Iliyasu yana gaba kusa da direba, yana ta maimaita jimloli uku na Turanci da ya shirya, zuciyarsa fal farin ciki.

A Gwaram aka tsaya zuba wa mota ruwa. 'Yan tasha suka kewaye su suna tambaya, biki ne ko suna? Aka ce sapot za a kai Birnin Kudu. Wani dillalin fata ya ji kamar raba abin za a yi, ya maƙale a bayan mota bai tambayi kowa ba.

Nan ne Inna Jummai, mai zabin nan, ta leƙo ta tagar direba. Ita ce babbar ungozomar garin, rabin mutanen da ke motar ita ta yanke musu cibi, shi ya sa ba ta shakkar kowa.

"Iliya, ni fa ba haka na san kalmar nan ba. Shekarar da maigidana ya rasu ya bar ni da yara, malamin asibitin Fagam ya ce wa 'yan'uwansa su riƙa ba ni sapot. Taimako ne, kyautatawa ce. Shi ya sa na ce ba za mu je wa bawan Allah hannu rabbana ba."

"Duk ɗaya ne, Inna," in ji Iliyasu da murmushin masani. "Turanci faɗi gare shi."

Faɗi kam yana da shi, fiye ma da yadda yake zato.

Wajen sha ɗaya suka shiga Birnin Kudu da kiɗa. Masinjan ofishin ilimi yana gyangyaɗi a benci, ya farka ya ga mota ta zazzage mutum hamsin a gabansa, ya ruga ciki har takalminsa ɗaya ya tsaya a baya. Can sai ga wani siririn mutum ya fito, biro a saƙale a kunne. Shi ne Malam Badaru, mai duba gine-ginen.

Iliyasu ya gyara babbar rigarsa, ya ɗaga hannu ganga ta tsaya. Ya zuba jimlolinsa uku ba gargada ko ɗaya, sannan ya juya da Hausa don jama'a su shaida.

"Ranka ya daɗe, ka ce sai ka ga sapot. Ga shi mun kawo maka. In bai isa ba, akwai saura a gida!"

Aka sake kabbara. Malam Badaru ya karɓi takardar, ya karanta abin da shi da kansa ya rubuta, ya dubi taron, ya dubi zabi. Leɓensa na ƙasa ya soma rawa, ya cije shi.

"Madalla, sannunku da hanya. Malam, ko za ka ɗan shigo mu yi magana mu biyu?"

A ciki ya rufe ƙofa, ya ba Iliyasu kujera. Bai yi dariya ba, kuma Allah ya sani ya sha wuya kafin ya danne ta. Ya jawo kwalaben tawada biyu, ya ɗora rula a kansu, ya danna tsakiyarta da yatsa. Rula ta lanƙwashe.

"Ka ga rufinku ke nan. Azarorin haɗi ne, sun riga sun fara lotsawa. Iska ɗaya mai ƙarfi, kwanon nan a kan yara zai sauka." Ya ɗauki guntun alli ya tokare rular daga ƙasa, ya sake dannawa. Ba ta motsa ba. "Wannan allin shi ne sapot ɗin da nake nufi. Ginshiƙi, Malam. Biyu, a tsakiya."

Iliyasu ya gyara zama.

"Amma... ai goyon baya ne."

"Shi ne mana, ba ka yi ƙarya ba." Ya buɗe wani ƙaton ƙamus ya juya masa. "Duba. Goyon baya yana nan. Taimakon mai rauni yana nan. Ciyar da iyali ma yana nan. Ga kuma namu na magina, abin da ke ɗaukar nauyi kada abu ya faɗi. Da na sami mutum a garin ranar, da baki zan faɗa, da Hausa."

Iliyasu ya zuba wa shafin ido, bai ga komai ba sai fuskar Barau a ƙarƙashin rumfa. Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mutum hamsin ya raba da gonakinsu ana tsakiyar noma.

"Kada ka damu," Malam Badaru ya sassauta murya. "Zan fita in ce na ga goyon bayansu na gode, sai dai akwai wani ƙarin sharaɗi da ya taso yau. Ba wanda zai sani."

Tayin ya yi wa Iliyasu daɗi, har ya buɗe baki zai ce to. Sai ya tuna in aka yi haka, har abada maganar Barau ba ta zama gaskiya ba a garin, ta zama sharaɗin gwamnati.

"Na gode, ranka ya daɗe. Bari in faɗa da bakina."

Ya fita ya tsaya a kan dakali. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce shi ya karanta takarda ba daidai ba, ginshiƙi ake nufi, kuma abin da Baba Barau ya faɗa tun ranar rufi ke nan shi ya hana.

Wata zabuwa ta yi kuka. Sai Inna Jummai ta tafa hannu ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"La ilaha illallahu! Wato itace aka aike mu nema muka zo da ganga?"

Shi ke nan, kowa ya ɓarke. Dillalin fata ne kaɗai ya ɓata rai, yana tambayar wa zai mai da shi Gwaram. Inna Jummai ta tura kwandon gaban Malam Badaru, ta ce ko ba komai ya karɓi nata sapot ɗin.

"Naki ma sapot ne na gaske, Inna," ya ce, "amma ba ya riƙe kwano. Ki mai da su, ki yanka wa masu aiki." Ya juya ga maza, fuskarsa ta koma ta aiki. "Jibi ina nan tafe. Busasshen itace mai ƙwari nake so, ɗanye ba zan karɓa ba. Ran Asabar motar bencina za ta tashi, ba ni da ikon tsayar da ita."

A hanyar komawa gangar Ɗan'azumi a cinyarsa ta yi kwanciyarta. Dariya ta ƙare tun kafin Gwaram, aka shiga shawara. Busasshiyar ƙirya mai tsawon nan, har biyu, a tsakiyar damina, cikin kwana biyu? Wani ya ce a gwada Fagam, wani ya ce ko a Fagam sai an sara an jira rani. Iliyasu kuwa hankalinsa na wani wuri. Tunanin Zahara'u yake, wadda tun jiya take yawo da allon kwali a hammata tana cewa ita 'yar makaranta ce. Ga hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas.

Bayan la'asar suka shigo gari. Direba ne ya fara gani, ya taka birki.

"Subhanallahi! Iska aka yi a nan?"

Rumfar Barau ce a ƙasa. Zana da karan rufin sun zube a kan tabarmarsa, ga ramuka biyu a buɗe inda manyan dirkokinta suke. Rumfar nan ta girmi yawancin waɗanda ke motar, kuma kowa ya san dirkokin ƙirya ne da uban Barau ya kafa. Iliyasu ya diro tun mota ba ta gama tsayawa ba. Sawun jan itace ya gani a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya bi shi da gudu har ƙofar aji.

Dirka ɗaya tana tsaye a tsakiyar ɗakin, baƙa, ta tokare azara daram. Ɗayar tana kwance kusa da raminta. Manu, makiyayin da ke zaune a bayan gari, yana gefe da igiyar shanunsa yana haki. Barau kuwa yana durƙushe yana kwashe ƙasa da ƙoƙo, gumi ya jiƙa masa gemu. Ba shi da ɗa ko jika a takardar sunayen nan, nasa duk sun watse birni.

Ya ɗago ya dubi Iliyasu, ya dubi jama'ar da suka cika ƙofa.

"Na ga hadari ne, na ce ba zai kai Juma'a ba," ya ce. "Mu biyu mun iya ɗaya, ta biyun ta fi ƙarfinmu. To, kun samo abin?"

"Wane abu, Baba?"

"Sapot ɗin."

Iliyasu ya ɗora tafin hannunsa a jikin dirkar. Santsi gare ta, wurin da bayan Barau ya shekara arba'in yana jingina.

"Ashe a gida muka baro shi, Baba."

Barau ya yi kamar bai ji ba. Ya nuna bango da haɓa.

"Sai dai fa zai kare allo."

"Sai a matsar da allon."

Ɗigon farko ya buga kwano. Iliyasu ya tuɓe babbar rigarsa, takardar na cikin aljihu, ya miƙa wa Inna Jummai. Ya sunkuya ya sa kafaɗa a ƙarƙashin dirkar, maza suka rufo a bayansa.

"Ba can ba, Malam," in ji Barau. "Matso nan. Nan ne nauyin yake."