Hatimin Kawu Haruna a Kan Takardun Zuhaira

Haruna ɓarawo ne, kuma abin da ya sata ko akuya ba za ta ci ba. Shekara talatin ya yi yana planto, wato masinja, a ofishin sufurefe mai mulkin gunduma, yana goge tebur yana kai takardu daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ranar da aka sallame shi sai ya zura wani tsohon hatimin ofishin a aljihu ya taho da shi gida Belbeji. Tun daga nan ya naɗa kansa masanin takardu, alhali sunansa ma sai ya fito da harshe waje yake iya rubutawa.

Zuhaira ɗiyar ƙanwarsa ce. Da ta ci BEPC, jarrabawar ƙaramar sakandare, ba ta wuce lise, babbar sakandare, ba, ta tafi Damagaram makarantar koyon sana'a, ta fito da takardar aikin lantarki. Shekara huɗu tana bin rijiyoyin kwarin Tarka a kan babur tana gyara famfunan sola, har ya zama in famfo ya tsaya makiyaya ba su cigiyar kowa sai ita. Ana nan ta samu labarin wata makarantar fasaha a ƙetaren iyaka mai karɓar ɗaliban waje irinta. Takardar sana'a da shaidar aikin shekara uku sun isa a shiga, wanda ya yi shekara biyu ya ci sai ya wuce jami'a ba tare da bak, shaidar gama lise, ba. Ta rubuta musu, suka riƙe mata gurbi, da sharaɗin ta kawo takardunta na asali kafin ƙarshen Satumba. In ranar ta wuce, gurbin na wani ne.

Uwarta Halima ta ce atafau takarda ba ta fita daga gidan nan yayanta bai gani ba, haka ake yi tun Zuhaira tana goye. Zuhaira ba ta so ba, amma ta kai. Haruna ya karɓi dosiyen takardun bai buɗe ba, ya ɗora a tafin hannu yana aunawa kamar mai sayen cuku.

"Wannan ba shi da nauyi, ɗiyata. Takarda mai hatimi ɗaya marainiya ce, ba mai tashi ya ba ta kujera."

"Kawu, dubawa kawai aka ce ka yi."

Ya ce ta je ta ji da famfunanta, shi da ya ɗauki dosiyen sufurefe bakwai ba za a koya masa dubawa ba. Ranar kuwa ana jiranta a wata rijiya da dabbobi suka kwana biyu ba ruwa, don haka ta bar masa ta hau babur.

Da ta dawo ta tarar ya rufe takardun a babbar ambulan, ya shafe bakinta da gam. Ya gargaɗe ta cewa dosiyen da aka rufe ba a buɗe shi sai a gaban hukuma, in an buɗe a hanya ya lalace. Hankalinta bai kwanta ba. Amma Halima na tsaye tana yi wa yayanta godiya, motar Damagaram kuma tana shirin tashi, sai ta sa ambulan a jaka.

Kwana biyu ta yi a hanya. A ofishin rajista wata mata mai tabarau ta yage ambulan ta baje takardun a kan tebur, sannan ta kira abokin aikinta ya zo ya gani. Zuhaira ta leƙa. Kawu bai bar ko shafi ɗaya ba. Ya buga hatiminsa a kan takardar haihuwa, ya buga a kan takardar sana'ar sau biyar har makin lissafi ya ɓace a ƙarƙashin tawada, ya buga ɗaya a tsakiyar goshinta a hoto.

Matar ta san takardun Nijar, shi ne aikinta. Ta tambayi Zuhaira ko ta san cewa an soke ofishin da ke jikin hatimin nan tun tana koyon tafiya.

"To yaya aka yi ya tashi daga kabari ya shaida karatunki?"

Zuhaira ta yi bayani, matar ta saurara har ƙarshe ba ta yi dariya ba sai sau ɗaya. Ta ce ta yarda da ita, amma takarda mai hatimin bogi ba a karɓarta, sai sun rubuta wa makarantarta ta Damagaram sun ji. Kafin amsa ta dawo Satumba ta ƙare, aka ba wani gurbin.

Wasiƙar ce ta fito da maganar fili, domin shugaban makarantar sana'ar bai ajiye ta a aljihun tebur ba, jandarma ya kai wa. Dangi suka cika gidan Halima suna roƙon Zuhaira ta ce a hanya aka buga, ba ta san wa ya yi ba. Haruna kansa ko a jikinsa. Yana zaune a kan tabarma yana gaya wa mutane cewa ƴan ƙasar waje ba su san darajar hatimi ba, kuma da ya samu jar tawada da aikin ya fi haka kyau.

Wannan maganar ta jar tawada ce Zuhaira ta ji daga bakin ƙofa. Da jandarma ya tambaye ta washegari, ta faɗi sunan Kawu, ta faɗi ranar, ta kwatanta masa kwallar da hatimin yake ciki a ƙarƙashin gado. Halima ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwarta.

Alƙali ya ba Haruna wata shida a gidan kaso, Haruna kuma ya yi su cif.